Akwatin Kifi da Yatsun Osmani

Litinin, 2 ga Maris, da hantsi

Littafin nan na jikana Osmani ne, na makarantar kiɗa, ya bar rabinsa fari fes. Na ɗauke. In ya cigita in ce ɓera ne. Aji huɗu na yi uwata ta cire ni na taya ta wankau, don haka duk wanda ya buɗe ya ga rubutu kamar kaza ta bi ta kan laka, ya rufe ya mayar inda ya gani. Ba da shi nake ba.

Faifan kiɗan su Osmani ya iso garinmu Matanzas. Baturen nan mai jan gemu da ya naɗi kiɗansu bara ya buga shi can ƙasarsu, jiya kuma aka sa a rediyo, gidan hayarmu kaf ya ji. Nieves maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta ce, "Tila, rediyonki ya lalace ne?" Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, jikana ne ya yi suna."

Wai jaz ake ce wa kiɗan. Fiyanon Osmani kamar an turo kabad ɗin kwanuka daga saman bene. Abokinsa Fermín kuwa yana hura saksofon, ƙahon tagullar nan nasa, ka ce alade ake yankawa da wuƙa marar kaifi. Amma a ƙarƙashin wannan yaƙi kiɗanmu ne na rawa, wanda ƙugu ke ganewa kafin kunne, yana tafiyarsa bai damu da mahaukatan da ke sama ba. Sau biyu na kama ƙafata tana motsi. Na take ta da ɗayar.

Sai waƙa ta huɗu. Osmani ya sa mata Amparo, sunan uwarsa, 'yata marigayiya. A tsakiyarta komai yakan lafa, sai a ji ana buga akwatin katako. A bayan faifan an rubuta Osmani ne ya buga.

Na yi wuf na rage murya. Na makara. Gervasio, ƙaton makaɗin nan abokin ɗana, yana teburin wasan domino a tsakar gida. Na ga hannunsa ya tsaya a sama. Ya ajiye ɗan dominon a hankali, mutumin da bai taɓa ajiye komai a hankali ba, ya tashi ya fita.

Na dafa baƙin wake.

Talata, 3 ga Maris, da la'asar

Cleto ya zo. Ɗana ne, amma yau ba ɗana ne ya shigo ba, shugaban makaɗan rantsuwa ne. Tun rasuwar ubansa Bonifacio shi ke riƙe da su, su tara, da gangunan nan uku da ke ɗakin da ke jikin madafina. Mace ba ta taɓa su. Shekara arba'in ina share ɗakin ina kewaye su kamar macizai ne ke barci. Kuma suna da kiɗa guda, kiɗan sallama, da ake yi wa ɗayansu ranar da ya mutu, ƙofa a rufe, ba mace, ba yaro, ba baƙo. Shi ne a waƙa ta huɗu. Yanzu Turawa na can suna shan shayi da shi.

Bai gaishe ni ba. Ya ɗauki rediyon ya maka shi da bango.

"Wa ya koya maka?"

Osmani yana cin rogo, bai ɗago ba. "Sannu da zuwa, Kawu."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ba ka yi rantsuwa ba, ƙafarka ba ta taɓa shiga ɗakin nan ranar kiɗa ba. Wa ya koya maka?"

"A iska na tsinta."

Marin da ya yi masa sai da farantin ya tashi ya kife a ƙasa. Leɓe ya fashe, jini ya sauko kan farar rigarsa, wadda na goge da safe.

Na ce, "Anacleto! A gidana?"

"Mima, shiga ciki. Ba maganar mata ba ce."

"Kwana biyun da na yi ina naƙudar wannan ƙaton kan naka fa, maganar waye?"

Ko gezau. Ya nuna Osmani da yatsa. "Ka san doka. Hannun da ya fitar da kiɗan nan ba ya sake kiɗa. In wani daga cikinmu ne ya koya maka, faɗi sunansa, hannunsa ya biya, kai a ce ƙuruciya ce. In ka ƙi, naka ne. Kana da daga yau zuwa Lahadi ta sama."

Osmani ya dube ni. Sau ɗaya tak. Na duƙa ina tsintar gutsattsarin rediyo.

Laraba, 4 ga Maris, da safe

Tafin hannuna ƙaiƙayi yake. Na tsoma shi a ruwan gishiri.

Juma'a, 6 ga Maris, da rana tsaka

Sun tare Fermín a bayan kasuwa, rana tsaka, mutane na kallo. Gervasio da wasu biyu. Nieves ta gani, ta zo tana haki, har ta manta burodinta a layi. Ta ce biyu sun riƙe shi, Gervasio yana dukan baki, baki kawai, don ya san da me yaron yake ci. Haƙoran gaba biyu a ƙasa. Sai suka ajiye ƙahon a gaban keken doki, suka ce wa mai keken ya wuce. Ya wuce. Me zai yi?

Ƙahon nan na tsane shi tun ranar da na fara jin sa. Na sha cewa da zan samu dama da na cusa masa tsumma. Yau da aka kawo shi a baje kamar gwangwanin madara, sai na shiga banɗaki na rufe ƙofa.

Ba wanda ya kira 'yan sanda. A unguwar nan ba a kira musu 'yan sanda, su ke yi wa iyayenmu kiɗa in sun mutu.

Na zauna ina lissafa abin da zan yi wa Gervasio. In tafasa mai in jira shi a bayan ƙofa. In zuba masa garin kwalba a wake. In ɗaure shi a kujera in sa masa faifan daga farko zuwa ƙarshe sau goma, wannan ma ya isa kisa. Na dafa shinkafa, ta kama.

Asabar, 7 ga Maris, da hantsi

Na kai wa Fermín romon kaza. Fuskarsa kamar kabewar da ta faɗo daga mota.

Na ce, "Kai, ɗan nan, ka ƙara kyau. Ga shi an buɗe maka ƙofar iska, busa za ta yi maka sauƙi."

Ya yi dariya, jini ya fito, ya tofa a kwano. Maganarsa yanzu fito take yi.

"Sun ce in faɗi wa ya kawo kiɗan, Kaka Tila. Na ce ni in ina busa idona a rufe yake."

"Ka kyauta."

"Kafin wata shida ba zan iya sa ƙaho a baki ba. In ma akwai ƙahon."

"Kunnuwan unguwa za su huta."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya kafe ni da idon da ya rage a buɗe. Ya ce, "Har zuwa yaushe, Kaka Tila?"

Na ce, "Sha romonka kafin ya huce."

Litinin, 9 ga Maris, da yamma

Tsohon akwatin busasshen kifin nan da ke ƙarƙashin gadona, na fitar da shi na kife a bayan gida, na bar wa kaza. Nieves ta ce, "Akwati mai kyau haka za ki ba kaza?" Na ce kazar ta fi ni buƙata. Da ta tafi na dawo da shi ɗaki. Da na zauna na sake fitar da shi. Kazar ta gaji da ni.

Talata, 10 ga Maris, da azahar

Na ce wa Osmani ya hau jirgin ƙasa ya tafi Habana wurin dangin ubansa, har ƙura ta lafa.

"Fiyanon fa, Kaka? In goya shi?"

"Bar shi. Ko an sa masa gatari ba wanda zai ji bambanci da yadda kake buga shi."

"Ba inda za ni. In na gudu, Fermín za su koma wa."

Na zauna ina kallon hannunsa a kan tebur. Yatsun uwarsa ne sak, dogaye, ƙaramin a ɗan karkace. Da su ya riƙe zanina ranar da aka binne ta, yana ɗan shekara shida. Ni na sayar da keken ɗinkina aka sa shi makarantar kiɗa, don ya riƙa buga waƙoƙin da ake rawa da su a biki, sai ga abin da ya ɗebo mini.

Ya ce, "Na rantse miki a kan kabarin Mama, Kaka. Ba zan warware ba. Ke kaɗai ke iya sakina."

Na ce, "Gashin kan nan naka har tsuntsu zai yi sheƙa a ciki. Yaushe za ka aske?"

Ya tashi ya fita. Bai buga ƙofa ba. Da ya buga da na fi jin daɗi.

Alhamis, 12 ga Maris, da la'asar

An yi ta a tsakar gida. Osmani ya dawo daga tsohon gidan burodin da suke gwaji a ciki, ya iske Gervasio a teburin domino. Gervasio ya ɗaga hannu yana murza yatsu a iska kamar mai buga fiyano, ya ce, "Malam mai jaz, yi ta ƙirga su, saura kwana uku."

Osmani ya ce, "Ka iya ƙirga har uku? Ashe an samu ci gaba."

Teburi ya kife. Domino ko'ina. Gervasio ya fasa kwalba a bakin rijiya ya taho da guntun. Ɗan banzan jikan nawa, maimakon ya kare fuskarsa, sai ya cusa hannayensa biyu a hammata ya tsaya yana karɓar duka da kai da kafaɗa. Kwalbar ta tsaga masa gira.

Ban san lokacin da na fito ba. Kaskon ƙarfe ne a hannuna, da sauran man suyar ayaba a ciki. Na sauke wa Gervasio shi a ƙeya. Ƙarar da ya yi, na rantse, ta fi duk abin da ke cikin faifan nan daɗi. Ya durƙusa. Na ƙara masa a kunne. Mai ya bi masa wuya, ya yi ihu kamar ƙahon Fermín.

Na ce, "Ni na yanke maka cibiya, ɗan banza, da na sani da wuyan na yanke!"

Mata suna ta guɗa daga bene. Nieves ta ce ni jaruma ce. Na ɗinke girar Osmani da zaren ɗinki, ɗinki huɗu, yana cije tawul.

Jaruma. Kasko ba shi da wuyar ɗagawa.

Asabar, 14 ga Maris, da yamma

Na goge farar rigata. Gobe zan yi magana. Na gwada a gaban madubi sau uku, ta fito tsaf.

Lahadi, 15 ga Maris, da azahar

Sun zo su tara, cikin fararen kaya, Gervasio da ƙyalle a wuya. Suka zauna a ɗakin ganguna, suka tsayar da Osmani a bakin ƙofa. Ni ina madafi, bango ɗaya tsakaninmu, bangon nan na katako da ko tarin mutum ba ya tarewa.

Cleto ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗora hannu a kan babbar ganga ya rantse ba shi ba ne. Har tsofaffi masu furfura sai da suka rantse. Sai ya juyo kan Osmani.

"Karo na ƙarshe. Suna."

"Ba ni da suna, Kawu."

Na ɗauki faranti da kofuna tara na nufi ƙofar. Na tsaya. Duk suka juyo. Na ga fuskar Cleto, ta ubansa ce ranar da yake fushi. Na tuna in na faɗa, ba shugabanci kaɗai zai rasa ba, za a ce a gidansa, a madafin uwarsa, asirin ya zube shekara da shekaru yana zaune. Na tuna wannan. Amma ƙarya nake in na ce shi kaɗai na tuna. Hannuna na kalla.

Na buɗe baki na ce, "Ga kofi."

Osmani ya sunkuyar da kai ya yi wani ɗan murmushi. Gara mini kwalbar Gervasio a ido da murmushin nan.

Na ce a raina, ai ɗan 'yar'uwarsa ne, barazana ce kawai, Cleto ba zai iya ba. Sun shanye kofin tas.

Litinin, 16 ga Maris, da la'asar

A gidan burodi, wajen sha biyun rana. Osmani yana zaune a gaban fiyano. Bai gudu ba, bai yi kokawa ba. An ce ya roƙi abu ɗaya, a bar masa hagu. Mutum biyu suka danne masa hannun dama a kan farare da baƙaƙen maɓallan nan. Murfin fiyanon katako ne mai nauyi, irin na da. Sau biyu aka rufe shi.

Mai sayar da gyaɗa a bakin titi ya ce ya ji ƙara da ihu, ya ɗauka gwaji suke kamar kullum.

A asibiti likita ya ce yatsa uku. Ɗaya zai warke. Na tsakiya da na kusa da ƙarami sun niƙe a gaɓa, ko sun haɗe ba za su lanƙwasa ba. Na ga hannun kafin a naɗe. Ba zan rubuta yadda yake ba.

Wanda ya rufe murfin ma ba zan rubuta sunansa ba. Ni na haife shi.

Talata, 17 ga Maris, da safe

Osmani ya juya fuska bango. Na kai kunu, na dawo da kunu.

Laraba, 18 ga Maris, da hantsi

To, littafi, kai dai ba ka da baki, ga ta nan.

Ni ce. Ba wanda ya koya wa Osmani komai, bai ma iya kiɗan ba. Shekara arba'in ina yanka albasa a jikin bangon nan suna koya wa juna a ciki. Sun hana idona, sun manta da kunne. Da farko a kan cinyata nake bi, daga baya a kan akwatin kifi in gida ba kowa. Amparo ma ta iya, a gefena ta koya, tana 'yar shekara tara hannunta ya fi na Cleto nesa ba kusa ba. Ubanta ya taɓa kama ta tana buga gindin tukunya, ya ƙona mata tafin hannu da cokali mai zafi. Da ta mutu ba wanda ya yi mata kiɗa. Mace ce. Aka kai ta shiru kamar an je zubar da shara.

Bara cikin watan Agusta na kai wa yaran abincin rana a gidan burodi, a cikin akwatin nan na jera kwanukan. Na tarar suna ta fama da wata waƙa, an sake ta ya fi sau goma. Na ce, "Wannan haukan fa?" Osmani ya ce, "Ta Mama ce, ta ƙi tsayawa." Na ce, "Yaya za ta tsaya ba ku yi mata ƙasa ba?" Na sauke kwanuka, na kife akwatin, na zauna a kai. Shekara ashirin kiɗan nan yana maƙale a wuyana. Fermín ya shigo da ƙahonsa yana kuka kamar yadda ban samu na yi ba a maƙabarta. Injin Baturen yana juyawa, na gan shi, ban ce a tsayar ba.

Da jikina ya yi sanyi sai tsoro ya zo. Ban ce a goge ba, don ina so 'yata ta samu kiɗanta. Sai na kai Osmani kabarin uwarsa na sa ya rantse ba zai ambaci sunana ba, ya sa nasa. Na ce Turai da nisa, wa zai ji?

Wannan wayon nawa ne. Ni mai wayo.

Alhamis, 19 ga Maris, da rana tsaka

Na aiki Nieves ta kira su Cleto, ta ce musu an samu sunan. Kafin ruwa ya tafasa sun cika tsakar gida. Na fito cikin farar rigata, na kori kaza, na ajiye akwatin a tsakiya, guduma a gefensa. Mata sun cika bene.

Cleto ya ce, "Mima, ina sunan?"

Na tattare riga na zauna a kai.

Daga bugu na uku Gervasio ya ja baya. Ɗaya ya cire hula. Na yi shi duka, juyi bakwai, a fili, rana na dukan kowa. Hannun da ke ƙaiƙayi mako biyu ya daina. A juyi na bakwai akwai wurin da hagu ke ɗagawa a bar rami, na bar shi, na dubi ɗana.

"Ubanka rami yake bari a nan. Kai cike shi kake yi. Shekara goma sha ɗaya ina jin ka ta bango ina cije haƙori."

Tsohon cikinsu, wanda ya yi kiɗa da Bonifacio tun suna samari, ya ce a hankali, "Haka ne. Rami ne."

Na shimfiɗa hannuwana biyu a kan akwatin. "Ni ce a faifan. Ga hannun da ya fitar da shi. Yaron da kuka nakasa ko juyi ɗaya bai iya ba. Ga guduma, Anacleto, ka iya aikin, na ga shaida."

Gervasio ya ce, "Doka doka ce," ya miƙa hannu zai ɗauki gudumar. Cleto ya ba shi gwiwar hannu a baki, na ji haƙori ya karye. An rama wa Fermín haƙori ɗaya, saura ɗaya. Sai Cleto ya ɗauki gudumar da kansa.

"Kina nan ranar Lahadi," in ji shi. "Kina tsaye. Kika ba mu kofi."

"Na ba ku."

"Kika bar ni na…"

"Na bar ka."

Ya ɗaga. Ban rufe ido ba, ba don jarumta ba, idon ne ya ƙi. Gudumar ta sauka tsakanin hannuwana, katako ya tsage, tsinke ya shige mini tafi har ya leƙo ta baya. Nieves ta fizge ni. Shi kuwa ya ci gaba da duka, yana duka yana wani gurnani, har akwatin ya zama itacen hura wuta, har siminti ya fara tashi. Ba wanda ya riƙe shi.

Da ya gama suka shiga suka naɗe gangunan a farin ƙyalle suka fito da su a kafaɗa. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba. Ya ce, "Sai wata rana, Doña Domitila."

Cikakken sunana, kamar mai gaida baƙuwa. Shekara hamsin da biyu yana ce mini Mima.

Lahadi, 22 ga Maris, da safe

Na share ɗakin ganguna. Karo na farko tsintsiya ta bi ko'ina ba kewaye-kewaye. Ɗakin ƙarami ne ashe.

Laraba, 25 ga Maris, da yamma

An ce sun sauke Cleto. An ce bai taɓa ganga ba tun ran nan. Osmani ya sha kunu, amma daga hannun Nieves.

Lahadi, 29 ga Maris, da hantsi

Da sassafe na je gidan burodi da bokiti da tsumma. Jinin ya bushe a tsakanin farare, sai da na sa tsinke. Ina cikin gogewa na ji tafiya. Osmani ne, hannu a rataye a wuya, Fermín a bayansa da giɓinsa.

Kwana goma sha uku bai ce mini uffan ba. Ya tsaya yana kallona.

"Kin makara, Kaka."

Na nemi abin tsokana a bakina, gashinsa, rigarsa, komai. Babu. Na ce, "Na makara."

"Kwana huɗu."

"Na sani."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, ba ni da bakin. Ya ja kujera ya zauna. Ya sa hagu ya fara waƙa ta huɗu, can ƙasa inda fiyanon ke gurnani. Da ya zo inda dama ke shigowa da kwanukanta sai wurin ya zama wayam. Ya tsaya. Ya sake daga farko. Ya sake tsayawa a wurin.

Fermín ya ce, "Kaka Tila, ba ƙasa."

Na ce, "An farfasa akwatin."

Osmani bai dube ni ba. Ya nuna murfin da haɓa.

Murfin nan. Na daɗe ina kallonsa. Sai na zagaya na tsaya ta damansa, na ɗora tafina a kai, mai raunin da mai lafiyar. Katako ne na gaske, muryarsa ta fi ta akwatin zurfi. Raunin ya buɗe daga bugu na farko, na bar shi ya zuba, ba nawa ne jinin farko a wurin ba.

Fermín ya tashi zai rufe ƙofa. Osmani ya ce, "Bar ta."

Muka yi juyi bakwai, mutanen titi na tsaye. A na bakwai na ɗaga hagu na bar ramin, shi ma ya bari.

Da muka gama ya ce zai rubuta wa Baturen ya gyara bayan faifan. Na ce ya gaya masa Domitila ne, cikakke, kada jan gemun nan ya cinye mini rabi.